Hamstan da ya tashi daga kwalin takalmi

Aron diga ne ya kawo yaron ƙofata, da safiyar wata Lahadi a tsakiyar Disambar 2022, a Manchesta. Ya yi sallama, ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, wai in ji Baba a ara mana diga, shebur ɗinmu ya ƙi shiga ƙasa." Makon nan kuwa ƙasa ta daskare kamar an yi mata daɓen siminti. Na ce me za a shuka cikin wannan jaura? Ya ce ai ba shuka za a yi ba, Kumatu ne ya mutu.

Kumatu hamsta ne. Ga wanda bai taɓa ganin irinsa ba, ɗan dangin ɓera ne mai cika tafin hannu, jelarsa guntuwa kamar an manta ba a ƙarasa ta ba, yana da jaka biyu a kumatu da ke kaiwa har kafaɗa, inda yake cusa abinci ya kai rumbunsa. Gafiya ce ta fi kama da shi a hali, har ka ce karin maganar nan ta gafiya tsira da na bakinki dominsa aka yi ta. Turawa na kiwonsa a keji saboda yara, yaranmu na nan ma sun ɗauka.

Tambaya uku na yi wa yaron tun a bakin ƙofa, su ne kuma ya kamata duk wanda aka kawo wa irin wannan labari da hunturu ya fara yi. Ina kejin yake? A ɗakin gilas na bayan gida, tun Oktoba, saboda ƙarar wilinsa, wato ƙaramar tayar da yake gudu a cikinta, na hana mutane barci. An kunna hita daren jiya? A'a, sun yi tafiyar kwana biyu an kashe komai, shekarar ce kuwa kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi. Yaya kuka same shi? A dunƙule cikin sheƙarsa, ya cusa kai a ciki. Sai na jingine digar, na ɗauki ma'aunin zafi, sikelin kicin, sirinji mai cin mililita 1 da ƙaramar tocila.

Na tarar an gama shiri tsaf. An naɗe shi cikin safa, an sa a kwalin takalmi, ƙanwar yaron ta zana fure a murfin tana ta shessheƙa. Mu mutane ne da ba mu saba jinkirta binnewa ba, da ƙasar nan ta yarda da shebur da tuni an wuce wurin. Ƙanƙara ce ta tsaya masa lauya.

Kafin a taɓa dabbar, ɗakin ake fara aunawa. Na sa ma'aunin cikin kejin, daidai bakin sheƙar, na bar shi minti 10. Na jikin bango ba ya faɗin gaskiya, domin iskar da ke kusa da ƙasa da gilas ta fi ta tsakiyar ɗaki sanyi. Ya nuna digiri 6, da ƙarfe 10 na safe ke nan, balle tsakar dare. Wannan lamba ita ce rabin hukuncin. Ɗakin da bai taɓa sauka ƙasa da digiri 20 ba, a cire maganar barcin hunturu, wato dogon suman da wasu dabbobi ke yi in sanyi ya tsananta, dabbar ko ba ta da lafiya ko ta tafi. Daga 15 zuwa ƙasa a fara shakka. A kusa da 5 kuwa, nan ne littattafan likitocin dabbobi suka ce hamstan Siriya, irin Kumatu, kan shiga barcin gadan-gadan, musamman in rana ta gajarta.

Abin da ke faruwa a jikinsa ya isa ya ruɗi kowa. Lafiyayyen hamsta zafin jikinsa digiri 37 zuwa 38 ne, zuciyarsa na bugawa sau 250 zuwa 500 a minti, numfashi kuwa ba ya kasa 35. In ya shiga barcin hunturu sai ya sauke komai: jikin ya huce har ya kusa daidai da iskar ɗakin, zuciya ta koma ƙasa da bugu 15 a minti, numfashi ya zama ɗaya a minti ɗaya ko biyu. Ana cewa barci ƙanin mutuwa, to a nan ƙanin har rigar wan ya ara. Dabarar gaiwa ce da ke kwanciya cikin busasshen taɓo tana jiran damina, abokin gaba ne kawai ya bambanta.

Na warware safar, na kwantar da shi a kan tawul mai ninki, a kan tebur. Ba a hannu ake duba numfashi ba, don rawar hannunka da bugun jininka za su sa ka ga motsin da babu. Na haska tocilar daga gefe, a kwance, yadda inuwar gashin haƙarƙarinsa za ta faɗi a kan tawul ɗin. Na ce kowa ya yi shiru, yaron ya danna agogon waya. Minti ɗaya ya wuce babu komai. Maigidan ya gyara murya zai yi magana, na ɗaga masa hannu. A minti ɗaya da daƙiƙa 40 inuwar ta ɗago kaɗan, kamar kaurin farce, ta koma. Cikin minti 6 muka ƙirga huɗu. Wanda ya kalla na rabin minti ya ce ba ya numfashi bai yi ƙarya ba, haƙurinsa ne bai kai ba. Minti 5 shi ne mafi ƙaranci.

Maman yaran ta kawo madubi a kara masa a hanci, kamar yadda ake yi. Na ce, "Hajiya, bar shi, ba zai nuna ba." Madubi na yin hazo ne in numfashi mai ɗumi ya sauka a kan sanyinsa. Wannan kuwa iskar da yake fitarwa sanyinta ɗaya da na madubin, ga ta 'yar mitsitsiya. Haka ma laluben zuciya: kana iya sa babban yatsa da manuni a bayan ƙafafun gaba, amma sau da yawa bugun yatsanka za ka ji, ka yi ta murnar banza, ko ka rasa komai ka yanke ƙauna, duka biyu kuskure.

Sauran alamun sun fi amfani. Na shafa bayansa daga wuya zuwa gindi sau uku, gashin bakinsa ya ɗan yi rawa. Na ja ƙafar baya a hankali, ta biyo ni, da na saki ta koma a sannu kamar tsohuwar roba. Hanci da tafin ƙafa sun koɗe amma da sauran jaja-jaja, ba su yi toka-toka ko shuɗi ba. Ido a rufe, bai faɗa ciki ba. Babu wari. Mushe ko dai ya sandare kamar itace, gaɓa ta ƙi lanƙwasuwa, ko kuma in sandarewar ta sake shi bayan kwana ɗaya ko biyu ya yi laƙwas, wari ya biyo baya. Sai dai kada a rataye hukunci a kan tauri kaɗai, jikin da ya yi sanyi haka shi ma yakan ɗan yi ƙarfi. Yadda aka same shi ma shaida ce. Mai barcin hunturu yakan gyara sheƙa, ya toshe ƙofa, ya dunƙule. Wanda ciwo ya kayar galibi a miƙe ake tsintarsa a fili, kusa da wili ko kwalbar ruwa, ko da yake tsofaffi kan mutu a sheƙa su ma. Na ɗora shi a sikeli: giram 131. Yaron na rubuta nauyinsa duk wata, na Oktoba 148 ne.

Da aka ji yana da rai, sai gidan ya cika da likitoci. Maigida ya ce a ɗora shi kan radiyeta, ƙarfen jikin bango mai ɗumama ɗaki. Hajiya ta ce ga na'urar busar gashi. Yarinyar ta ce a yi masa wanka da ruwan zafi. Duk na hana, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ake kashe wanda sanyi ya bari.

Hamsta ba ya farfaɗowa gaba ɗaya lokaci guda. Charles Lyman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun auna wannan tun a farkon shekarun 1950: gaban jiki ne ke fara ɗumi, wato zuciya, huhu da ƙwaƙwalwa, jijiyoyin jinin bayan jiki kuwa suna matse har sai gaban ya kankama. Murhun da ke wannan aiki wani kitse ne mai ruwan ƙasa da ke tsakanin allunan kafaɗa, wanda ƙona shi ke ba da zafi kai tsaye, sannan rawar ɗari ta ƙarasa. Dabara ce irin ta mai ƙaramin itace, ɗaki ɗaya yake fara ɗumamawa. In ka buga masa zafi mai ƙarfi daga waje, jijiyoyin fata su buɗe alhali zuciya na tafiyar hawainiya, jinin ya watsu inda ba a bukatarsa, zuciyar ta kasa. Ga kuma ƙuna: dabbar da ba ta iya motsi ba za ta janye daga ƙarfe mai zafi ba, kuma ba za ta yi ƙara ba. Na'urar busar gashi tana ƙara masa ƙishirwa a kan wadda yake ciki. Ruwa kuwa in ya jiƙa gashin, da an fito da shi sanyin ya ninka, ban da haɗarin ya shaƙa.

Yaron ya ce, cikin wasa, "To Kawu, maikurowef fa?" Dariya aka yi, amma tambayar na da tarihi. A cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da ke Mill Hill a Landan a wancan zamani, Audrey Smith da James Lovelock da Alan Parkes sun riƙa sanyaya hamsta har ƙasa da sifili, wani sashen jikin ya ƙanƙare, su kuma farfaɗo da shi, sun buga sakamakon a 1954. Lovelock ya ƙera wata na'ura mai aiki da irin igiyoyin da maikurowef ke amfani da su, don a ɗumama dabbobin gwaji daga ciki a daina ƙona musu ƙirji da ƙarfe mai zafi. Tasu an auna ƙarfinta don wannan aikin. Ta kicin dafa shi za ta yi. Na faɗa wa yaron haka sau biyu, ina kallon ƙanwarsa.

Ga abin da muka yi. Muka koma falo, aka kunna hita aka tsayar da ita a digiri 21. Na naɗe Kumatu cikin ƙyalle mai laushi, hanci a waje, na nemi wanda zai sa shi cikin riga a jikin fata. Zafin ƙirjin mutum shi ne daidai, ba ya ƙuna, ba ya hucewa. Na dubi Hajiya, ta ce, "Malam, ɓera a rigata? Allah ya kiyaye." Yaron ne ya karɓa. Na zaunar da shi a ƙasa kan kafet, ba kan kujera ba, saboda in dabbar ta zabura ta faɗo daga tsayin mita ɗaya tana iya karyewa. Shiga riga ba baƙon abu ba ne a zuri'arsu: na farko da suka shigo Ingila a 1931, a aljihun kwat ɗin masanin nan Saul Adler suka shigo.

A gefe na haɗa masa wurin kwanciya na biyu, don hannun yaro na gajiya. Robar ruwan zafi, amma ruwa mai ɗumi na zuba, ba tafasasshe ba, na naɗe ta da tawul ninki biyu, na ɗora ma'auni a saman tawul ɗin har ya tsaya a 30. Kada ya wuce 32. Na sa ta a gefe ɗaya na kwali, ɗaya gefen na bar shi haka, domin in ya fara rarrafe ya sami inda zai tsere wa zafin. Duk minti 10 a juya shi ɗaya gefen, a shafa bayansa da yatsa biyu. Ba murza ba, ba girgiza ba.

Mun fara da ƙarfe 10:20. Rabin awa na farko babu abin gani, nan ne mutane kan karaya su ƙara wuta. Wajen 10:50 gashin baki ya soma rawa ba tare da an taɓa shi ba. Da 11:15 numfashi ya fito fili, na ƙirga 22 a minti. Da 11:40 makyarkyata ta kama shi, kai da kafaɗu da ƙafafun gaba na karkarwa kamar tsohon injin niƙa, har yarinyar ta sake fashewa da kuka tana cewa ciwon farfaɗiya ne. Wannan rawar ita ake jira, kada a danne shi don a tsayar da ita. A lokacin in ka taɓa wuyansa da ɗumi, gindinsa kuwa kamar an ciro shi daga firji. Da 12:10 ya buɗe ido ɗaya, ya yunƙura yana jan ƙafafun baya a ƙasa. Maigida ya ce shi ke nan ya shanye. Na ce, "Alhaji, ba shi rabin awa, jini bai isa can ba tukuna." Kafin ƙarfe 1 yana tafe yana tangaɗi kamar wanda ya kwana a mashaya. Awa biyu da minti 40 ke nan, kuma awa biyu zuwa uku shi ne abin da aka saba.

Godiyarsa ta farko cizo ce. Ya kama ɗan yatsan yaron da haƙoran nan masu ruwan ɗorawa har jini ya fito. Launin haƙoran lafiya ne, haka suke. Cizon ma a sa rai da shi, domin dabba ce da ta farka a ruɗe, ido ba ya gani sosai, ga ƙamshin hannu ta ko'ina. A wanke da sabulu da ruwa, a kuma daina rungumarsa daga lokacin da ya fara tafiya. Da muka sa shi a kwalin sai ya zauna ya sa ƙafafun gaba ya tura kumatunsa daga baya, ya zazzage masara shida da rabin gyaɗa. Ashe da guzurinsa za a binne shi.

Ruwa shi ne na gaba, kuma lokacinsa ya fi yawansa muhimmanci. Ba a ɗiga masa komai sai ya iya ɗaga kai yana lasar baki. Wanda aka ɗura wa ruwa yana sume, huhu ruwan ke tafiya, kwana biyu ciwon huhu ya ƙarasa abin da sanyi ya fara. Na cika sirinjin, ba allura, da ruwa mai ɗumi-ɗumi, na riƙa sa ɗigo ɗaya a gefen baki, bayan dogayen haƙoran, ina jira ya lashe kafin na gaba. Rabin mililita cikin kwata ɗin awa, a huta, a sake. Bukatarsa ta yini kusan mililita 10 ce a kowane giram 100 na nauyi, wato shi wajen 13, amma ba a cike wannan gibi a zama ɗaya. A ruwan farko na sa sukari ƙaramin cokali ɗaya a kofi mai mililita 250, don rawar ɗarin ta cinye abin da ke jininsa. Wannan na hamstan Siriya ne. Ƙananan nau'in hamsta, musamman wanda ake kira Campbell da barbarar yanyawansu, ciwon sukari na kama su da sauƙi, a ba su ruwa zalla sai in likita ya ce. Abinci kuwa mai laushi: kunun ots da ruwa aka dama, ba madara, ɗan dafaffen ƙwai kamar girman wake, da yankan kokwamba siriri.

Akwai abin da nake ganin masu kiwo ba sa son ji. Yawancin abin da ake kira barcin hunturu a gidaje ba lallai shi ba ne. A ɗakin gwaji sai an ajiye hamstan Siriya makonni da yawa, sau tari wata biyu ko uku, cikin sanyin digiri 5 da gajeren haske kafin ya shiga barcin na gaske. Shi wannan yana da tsari: kwana biyu zuwa biyar yana kwance, ya farka da kansa ya ci daga rumbu, ya koma. Ba ya tara kitse kamar bushiyar Turai, rumbun ne jarinsa. Kumatu ya yi wata biyu a ɗakin gilas, don haka nasa na iya zama na gaske. Amma wanda yake ɗaki mai ɗumi jiya, hita ta lalace da dare, aka tsince shi a sanƙame da safe, wannan sanyi ne ya fi ƙarfinsa, ko kuma ciwo ne ya hana jikinsa riƙe zafi. Shi ba zai farka da kansa ba. A gida ba ka da hanyar rabe su, shi ya sa ba na goyon bayan masu cewa a ƙyale shi ya sha barcinsa. A ɗumama, sannan a kai wa likita.

Litinin aka kai shi. A tambaya tun a waya ko suna duba ƙananan dabbobi, don ba kowane likitan karnuka da kyanwa ne ya saba da su ba. An yi masa allurar ruwa mai ɗumi a ƙarƙashin fata, an duba haƙora, kumatu, ciki da gindi ko akwai zawo. Maigida ya dawo yana lissafin cewa kuɗin ganin likitan zai sayi Kumatu uku da canji. In da bai farka cikin awa uku ba, ko ya farka ya ƙi shan ruwa, ko numfashinsa na ƙara, ko ya sake sulalewa cikin ɗaki mai ɗumi, da ba za a jira Litinin ba.

Sauran aikin na keji ne. Muka ɗauke shi daga ɗakin gilas zuwa falo, jikin bangon ciki, nesa da taga da ƙofa, a kan teburi mai tsayin gwiwa. Abin nema digiri 18 zuwa 21, dare da rana. Aka sayi ma'auni mai tuna mafi ƙarancin sanyin dare, don ƙarfe 4 na asuba ne ake yin ɓarnar, lokacin da ba mai kallo. In ɗumama falo duka ya yi tsada, ƙaramar hita mai mai a ciki wadda ke kashe kanta ta isa, ko shimfiɗar ɗumi a ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na kejin, ta waje. Wayar lantarki kada ta shiga inda haƙoransa za su kai.

Shimfiɗar cikin kejin santimita 5 ce kacal, muka mayar da ita 25, ta takarda, a danne da hannu don rami ya tsaya. Dalili na cikin asalinsa. Kusan duk hamstan Siriya da ke keji a duniya jikokin uwa ɗaya ne da 'ya'yanta da masanin dabbobi Israel Aharoni ya sa aka tono a wata gonar alkama kusa da Halab ta Siriya a 1930, kuma sai da aka haƙa fiye da mita 2 kafin a kai gare su. A wannan zurfi sanyin dare ba ya sauka farat ɗaya. Dabbar da aka halitta da irin wannan gida ita muke bai wa tafin hannu na ɓuntu a kan roba. Don sheƙa, tishu fari marar turare, a yayyaga masa tuli. Audugar nan mai laushi da ake sayarwa da hoton hamsta a jiki, a bar ta a kanti: zarenta na naɗe ƙafa ya tsayar da jini, in ya haɗiya kuma ta toshe hanji.

Haske ma na cikin lissafi. Jikin hamstan Siriya na ɗaukar duk ranar da haskenta ya kasa awa 12 da rabi a matsayin hunturu, Manchesta kuwa a Disamba kusan awa 7 da rabi take samu, kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Fitilar ɗaki da agogon kunnawa, daga 7 na safe zuwa 9 na dare, ta rufe wannan. Da dare a bar masa duhunsa, lokacin aikinsa ne. Abinci babban cokali ɗaya a yini, kimanin giram 10, da ɗan ƙari da sanyi. In ana share keji a cire abin da zai ruɓe, a bar masa busasshen rumbunsa. Na ɗaura roba a kwalbar ruwa daidai inda ruwan ya tsaya, na ce wa yaron ya duba kowace safiya. Ruwan da bai sauka ba, wilin da ya yi shiru, kwanon da ba a taɓa ba da sheƙar da aka toshe wa ƙofa, su ne sallamar da yake yi kafin ya tafi.

Ba duk hamsta ke wannan ba. Ƙaramin nan na Saberiya da Kazakistan, mai komawa fari da hunturu, sumansa na awanni ne, ya kwanta da safe ya tashi kafin dare. Wani ƙaramin nau'in, Roborovski, ba ya barcin hunturu, in an same shi da sanyi a nufi likita ana ɗumama shi a hanya. Mai barcin da gaske shi ne babban nan na dajin Turai, wanda aka sa cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa a 2020, kuma ɗaya daga wuraren da ya fi samun sakewa a yau shi ne babbar maƙabartar Biyana a Ostiriya, inda yake shiga ƙasa da kaka ya fito da bazara ba wanda ya yi mamaki. Mai kiwo a Kano ko Maraɗi kuwa zafi ne abin tsoronsa, don daga digiri 30 hamsta na iya sheƙewa. Sai ko a Jos, inda daren hunturu kan sauka kusa da 10, nan a janye keji daga taga.

Wani lokaci kuma mutuwar ce da gaske, tunda shekara biyu zuwa uku ne duk rayuwarsa. In an yi awa uku ana ɗumamawa, jikin ya ɗauki zafin hannu amma ba numfashi cikin minti 10 na kallo, ba rawar gashin baki, to a bar shi a buɗaɗɗen kwali cikin ɗaki mai digiri 20 har kwana ɗaya, ko a kai likita ya saurari ƙirjin. Likitocin mutane a ƙasashen sanyi ma ba sa tabbatar da mutuwar wanda ƙanƙara ta kama sai jikinsa ya yi ɗumi. Murfi dai kada a rufe, kuma kwalin ya zama mai zurfi, don an sha komawa a tarar mamacin ya ci gefen kwali ya shige bayan firji.

Kwalin takalmin bai tashi a banza ba. Muka kife shi cikin kejin, muka huda masa ƙofa mai faɗin santimita 7, yadda zai wuce ko kumatunsa a cike. Zuwa Laraba nauyinsa ya koma 138, ya kwashe rumbunsa kaf ya mayar ciki, ya kuma cinye rabin furen da yarinyar ta zana.